Daga Zafin Jazira Zuwa Sanyin Dutsen Simen: Labarin Motocin Da Ake Kwana A Cikinsu

Duk ɗan kasuwar da ya saba kwana a Gallabat yana jiran gari ya waye a buɗe gadar da ta raba Sudan da Habasha, to kafin shekarar 2023 ba zai rasa ganin wasu irin motoci ba. Jif ce ko wata ƙaramar babbar mota, an ɗaure mata jarkokin ruwa da na mai a gefe, ga safaya taya biyu, ga shebur, sannan a kan rufinta akwai wani abu mai kama da akwati wanda da magariba ta yi sai ka ga an buɗe shi ya zama tanti, har da tsani. Mai motar galibi Bature ne da matarsa, fuska ta yi ja saboda zafin Gadarif, suna riƙe da takardun kwastan suna zufa. Idan ka tambaye su ina suka nufa, amsar ba ta wuce Gondar, daga nan kuma Dutsen Simen.

Mutanenmu kan yi musu dariya, kuma ba laifi. Ga mutum da gidansa da gadonsa a ƙasarsu, amma ya zaɓi ya kwana a mota kamar yaron direba, kuma wai hutu yake yi. Sai dai in an duba da kyau, Bahaushen Sudan ne ya fi kowa cancantar fahimtar wannan sha'ani, domin shi kansa ɗan zango ne. Kakannin mutanen Mai Wurno sun taso ne bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, suka yi ta yada zango suna tashi a ƙarƙashin jagorancin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen shekarar 1906. Wasu kuma alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an buɗe madatsar Sinnar a 1925, daga cewa bari a tara na jirgin Sawakin sai ga jikoki. Ita kanta Gallabat Takarir ne, wato mutanen yamma masu zuwa hajji, suka raya ta ta zama kasuwa tun kafin zamanin Mahadi. Saboda haka kwana a hanya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ba mu sani ba shi ne kwana a kan dutse mai tsawo, kuma a nan ne lissafin mutumin fili yake ruguje masa ɗaya bayan ɗaya.

Inda abin ya samo asali

Amurkawa ne suka mayar da wannan al'ada sana'a. Tun a 1872 suka keɓe dajin Yellowstone ya zama gandun gwamnati na farko irinsa, sannan a 1915 suka keɓe na tsaunukan Roki da ke jihar Kolorado. A cikin waɗannan gandaye an share wurare an yanka su fili-fili, kowane da lambarsa, da teburinsa, da murhunsa na ƙarfe. Mutum zai zo da motar da aka ƙera mata ɗaki, ko ya jawo tirela mai gado da madafa da makewayi a bayan akori-kurarsa, ya biya kuɗin kwana, ya faka. Saboda rububi, a wurare da yawa sai ka kama fili ta intanet wata shida kafin ranar zuwanka. Akwai dokoki kuma masu tsauri. A wani sansani na Yellowstone da ake kira Fishing Bridge ba a yarda da tantin yadi ba sam, sai ɗaki mai bangon ƙarfe ko makamancinsa, saboda wata dabba mai ƙarfi da ake kira beyar tana bin ƙanshin abinci da dare. A gandun Glacier kuwa, hanyar da ta ratsa tsaunin an hana duk motar da tsawonta ya wuce mita 6 da ɗan kai ta bi ta, don kwanoninta ba za su ɗauka ba.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka irin waɗannan tireloli ba su taɓa taka ƙasarmu ba. A shekarar 1959 wani Ba'amurke mai suna Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga birnin Kef da ke Afirka ta Kudu zuwa Alƙahira. Sun hau tsaunukan Habasha, sun gana da Sarki Haile Selassie, sannan suka ratsa Sudan. Ayari ne sosai, da madugunsa, illa dai maimakon jakai da raƙuma, akwatunan gorar ruwa ne masu sheƙi.

Kalandar Bature ba taka ba ce

Kuskure na farko da mutum zai iya yi shi ne ya ɗauki lokacin Turawa. Su a can daga Yuni zuwa Agusta ne ake hawa dutse, domin a lokacin ne ƙanƙara take narkewa. Babbar hanyar da ta haye tsaunin Roki, wadda ta kai tsayin mita 3,700, ba a ma buɗe ta sai ƙarshen Mayu, kuma a watan Oktoba ake sake rufe ta. To a nan yankinmu waɗannan watanni su ne tsakiyar damina, abin da Larabawan Sudan ke kira kharif, Habashawa kuma su ce kiremt. Ruwan da yake cika Shuɗin Nilu har ya yi ja ya tumbatsa a Rusairis da Sinja, ai a kan waɗannan duwatsu na Habasha yake sauka. Wanda ya hau Simen a watan Yuli hazo kawai zai gani, da taɓo, da ruwan da ba ya ɗaukewa.

Mu lokacin da jiki yake neman tudu shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi a Wad Madani ke haura digiri 40, kwano ya zama tanda, mutum ya yayyafa wa angarib ruwa kafin ya kwanta. Turawan mulkin mallaka ma sun gane haka, shi ya sa suka yi wa kansu masauƙin shan iska a Arkawit, can cikin duwatsun Bahar Maliya kusa da Sinkat, wurin da tsayinsa ya haura mita 1,000. A Darfur akwai Jabal Marra da ya kai mita 3,000. Amma a kusa da mu babu irin wannan. Duwatsun Ingasana da ke wajen Bau ba su da tsayin da zai sauya iska sosai. Gandun Dindir kuma, wanda aka kafa a 1935, duk da girmansa da sansaninsa na Galagu inda baƙi kan kwana, fili ne mai laka, zafinsa zafin Sinnar ne, kuma da ruwa ya sauka ba mota mai shiga sai bayan damina. Don haka dutse na gaske mafi kusa da ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu yana tsallaken iyaka ne.

Masu zuwa Simen sun fi yabon Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ciyawa shar, sama tas. Daga Disamba zuwa Fabrairu rana tana da daɗi, amma da dare ruwan da ka bari a buta zai iya wayar gari ya daskare. Bazara kuwa ta fi ɗumi, sai dai akwai ƙura a sama kuma ciyawa ta bushe. A watannin Maris da Afrilu na 2019 gobara ta cinye wani babban yanki na gandun, har sai da aka nemo jirgin kashe wuta daga waje.

Hanyar da kanta

Daga Gadarif zuwa Gallabat kimanin kilomita 150 ne a shimfiɗe, tsakanin gonakin dawa da riɗi. Matamma, wato garin da ke tsallaken gada, tsayinsa bai wuce mita 700 daga teku ba, zafi da sauro duk ɗaya da namu. Daga nan ne hanya take fara hawa, ta bi ta Shehedi da Aykel, kuma kafin a cika kilomita 200 mutum ya tsinci kansa a Gondar, a tsayin da ya haura mita 2,100. Daga Gondar zuwa Debark, inda ofishin gandun yake, kusan kilomita 100 ne, kuma an ƙara hawa zuwa wajen mita 2,800. A Debark ake biyan kuɗin shiga, a nan kuma ake haɗa ka da ɗan rakiya mai bindiga, wanda doka ce sai da shi. Galibinsu manoman yankin ne, za ka ga mutum da takalmin roba da bargo ɗaya yana hawan da kai da takalminka mai tsada kake haki.

An kafa gandun Simen a 1969, kuma a 1978 yana cikin wurare na farko da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya. Sansanonin kwana da aka fi sani uku ne: Sankaber a wajen mita 3,250, sai Gich da Chennek da suke wajen mita 3,600. Hanyar burji tana kai mota Sankaber da Chennek, amma Gich sai a ƙafa, da alfadarai ɗauke da kaya. Kada wanda ya ga hotunan Amurka ya sa ran wutar lantarki ko famfon da zai jona da motarsa. Fili ne kawai, da rumfar girki, da masai, da ruwan da ake ɗebowa. Tirela mai ja irin ta Amurkawa ba ta da wurin zama a wannan hanya, shi ya sa waɗanda muke gani a Gallabat suke ɗora tantinsu a kan rufi.

To me suke zuwa gani? Gaɓar dutse ce wadda za ka tsaya a bakinta ka leƙa ƙasa ka ga rami mai zurfin da ya fi mita 1,000, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafarka. Ga ruwan Jinbar da ke faɗowa daga tsayin kusan mita 500. Ga birin jelada mai jan tabo a ƙirji, wanda ciyawa yake ci, ana samunsu garke-garke suna zaune suna tsinka kamar mata a gonar auduga, ba ruwansu da mutum. Ga akuyar dutse mai manyan ƙahoni da ake kira waliya, wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai nan. Daga Chennek ake nufar Ras Dashen, ƙololuwar Habasha, mai tsayin kusan mita 4,550.

Wani abu da ba a cika faɗa wa baƙo ba shi ne, filin da yake kafa tanti gonar wani ce a da. Daga 1996 gandun yana cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda noma da kiwo sun matsa wa namun daji. A 2016 aka kwashe ɗaruruwan iyalai daga ƙauyen Gich aka kai su Debark, a shekarar da ta biyo kuma aka cire gandun daga wancan jeri. Manomin sha'ir da aka mayar ɗan birni da rana tsaka, shi ya san abin da aka biya don waliya ta sake.

Abin da dutse ke yi wa mota

Wannan ɓangare ya shafi kowane direba da ke hawa Gondar da lodin kaya, ko da bai taɓa tunanin hutu ba. Iska tana raguwa yayin da ake hawa, inji kuma da iska yake ƙona mai. Injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau. Ke nan motar da take gudu kamar barewa a kan kwaltar Madani zuwa Gadarif, kafin ta isa Sankaber ta zubar da kusan sulusin ƙarfinta. Ta dizal za ta dinga fitar da baƙin hayaƙi, direba ya ɗauka famfon mai ne ya lalace alhali lafiyarsa lau. Lagireto ma yana shan wahala, domin ana hawa a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji yana ihu amma iskar da ke bugun gaba kaɗan ce. Murfin lagireto mai rauni wanda yake wucewa a fili, a nan zai tona asiri. Da asuba kuma tsohon batir yakan ƙi tayar da injin da ya kwana a sanyi.

Amma hawa ba shi ne yake kashe mutane ba, gangara ce. Direban fili ya saba da taka birki. A gangara mai tsawo, in ka ɗora ƙafa a kan birki ba ɗagawa, sai ya yi zafi har ya daina kamawa, man birkin ma ya tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa fayau. Tsofaffin direbobi suna da ƙa'ida guda, wato giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ka bar inji ya riƙe motar. Wanda yake jan tirela ko ya yi lodi fiye da kima, nauyin da ke bayansa tura shi yake yi a kowace kwana. Wanda ya taɓa gangara Limalimo, wato hanyar da Italiyawa suka sassaƙa a jikin dutse arewa da Debark a shekarun 1930, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan wannan.

Abin da yake yi wa jiki

A kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana sauka da kusan digiri 6 da rabi. Tsakanin Madani da Chennek akwai bambancin tsayi na sama da mita 3,000, wato kusan digiri 20. Ranar da ake narkewa a kasuwar Madani, a can sama mutum yana neman rigar sanyi da tsakar rana. Jallabiya da mayafi ba za su yi ba.

A nan ne babban haɗarin yake ga mutanenmu, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi ko da ya manta da sauran. Mun saba in sanyi ya yi a jawo kanun na gawayi, a ɗora jabana, a rufe ƙofa. A rakuba ko ɗakin kara iska tana shiga ta ko'ina. A cikin tanti da aka zuge, ko mota da aka ɗaga gilasanta, garwashi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda take kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ba ya jin komai sai nauyin kai da barci, kuma daga wannan barci ba a tashi. A kan dutse, inda iskar ma da ma ta yi ƙaranci, abin ya fi sauri. Haka nan barin inji a kunne don a ji ɗumi. Gawayi a waje, ko da haƙora na karo.

Sai ciwon tudu. Daga mita 2,500 zuwa sama wasu kan fara jin ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Mota ce ma take ƙara jawo shi, don tana kai ka sama cikin yini ɗaya, tafiyar da mai jaki zai yi a mako. Likitoci suna ba da shawarar cewa in an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Ke nan a kwana biyu a Gondar, a kwana a Debark, sannan Sankaber. Wanda ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, maganinsa a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba sa damuwa da shi amma mu ya shafe mu, wato sikila. Cutar tana da yawa a cikin al'ummomin da asalinsu Afirka ta Yamma ne, har da Hausawa da Fulanin Sudan. Ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne abubuwa uku da suke tayar da ita, kuma dutse ya haɗa su duka. Yaro mai sikila ba shi da abin yi a Chennek. Ko wanda yake ɗauke da rabin ƙwayar, wanda bai taɓa ciwo ba, an sha samun saifarsa ta kamu a irin wannan tsayi, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa.

Girki ma sai an sake koyo. A tsayin mita 3,600 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 88 maimakon 100, don haka wake ko ful zai yi ta ɓararraka a tukunya bai nuna ba, gawayi na ƙarewa. Gara abin da ba ya son dahuwa mai tsawo: garin kunu, dabino, busasshiyar kisra, ƙuli-ƙuli, da agashen da aka gasa tun daga ƙasa. Nama kuwa a saya a Gondar a mahautar Musulmi, domin a Habasha mahautan Kirista daban na Musulmi daban, kuma unguwar Addis Alam ta Musulmi ce tun zamanin sarakuna. A rufe abinci da kyau, saboda hankakin wurin mai kaurin baki gwanin sata ne. Sannan a kula da agogo. Bahabashe yana fara ƙirga awa daga fitowar rana, in ɗan rakiya ya ce a tashi ƙarfe 1, ƙarfe 7 na safe yake nufi. 'Yan kasuwar Matamma sun san wannan, amma baƙo yakan tashi cikin dare ya yi ta jira.

Hanyar a yau

Waɗancan motoci masu tanti a ka sun daina bi ta Gallabat tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023. A Disambar wannan shekara dakarun RSF suka shiga Wad Madani, a Yunin 2024 suka kama Sinja, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Madani kuma a Janairun 2025. Tun kafin nan ma, rikicin watannin Yuli da Oktoba na 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya kashe ɗaruruwan mutane ya kuma raba dubban Hausawa da gidajensu. Mutanenmu da yawa sun kwana a tanti da bayan lori a waɗannan shekaru, kuma babu wanda ya kira shi hutu.

A tsallaken gada ma ba a tsira ba. A 2023 faɗa ya tashi tsakanin gwamnatin Habasha da mayaƙan Fano a jihar Amhara, inda Matamma da Gondar da Debark duk suke. A 2024 'yan gudun hijirar Sudan da aka ajiye a sansanonin Awlala da Kumar, a gefen wannan hanya, sun fice sun koma daji saboda hare-hare da sace mutane, kuma a watan Satumba na shekarar an rufe mashigar Gallabat na wani lokaci bayan faɗa ya iso Matamma. Wanda zai hau wannan hanya, da lodi ko ba lodi, ya fara tambayar direbobin da suka sauko jiya, ya kuma tabbata ya isa masauƙi kafin la'asar sakaliya.